Binciken Danshi a Gidan Haya a Ingila: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

A biranen arewacin Ingila, da zarar hunturu ya kankama, ɗaya daga cikin rigingimun da suka fi yawa tsakanin masu gidaje da 'yan haya ita ce ta danshi da fumfuna, wato baƙin ɗigo-ɗigon nan da ke fesowa a kusurwar ɗaki, a bayan kabad da gefen taga. Ɗan haya yana cewa ginin ne ba shi da lafiya, mai gida ko dillalinsa yana cewa ɗan haya ne ba ya buɗe taga, kuma galibi babu mai hujja a hannu sai yawan magana. A wannan giɓi ne wata sana'a ta samu wurin zama, sana'ar masu binciken danshi masu zaman kansu, waɗanda ake biya su zo su duba gida, su auna, su rubuta rahoto a kan musabbabin matsalar, alhali ba su da fenti ko magani ko aikin gyara da za su sayar wa kowa. Na ɗauki ɗaya daga cikinsu don gidan da muke haya a Manchesta, kuma ra'ayina shi ne aikin ya ci kuɗinsa, amma ba kowane ɗan haya ne ya kamata ya fara da shi ba, kuma akwai abubuwan da mutum zai sa rai ya samu a cikinsa ba zai samu ba.

Muna zaune ne a saman bene na wani tsohon gidan jan bulo, irin waɗanda aka jera manne da juna a ƙarni na 19 domin ma'aikatan masaƙu, aka raba shi biyu daga baya aka ba da haya. Namu shi ne na ƙarshen layi, saboda haka bango ɗaya gaba ɗayansa yana fuskantar iska da ruwan sama babu abin da ya kare shi. Gidajen da aka gina kafin shekarun 1920 mafi yawansu bango guda ne, babu ratar iska a tsakiya kamar yadda ake yi a ginin zamani, don haka sanyin waje yana ratsa bulo ya iso har filastar ciki. Fumfuna ta fara bayyana a kusurwar ɗakin yara ta sama, sannan a silin ɗin banɗaki, sannan wani tabo mai launin ƙasa-ƙasa ya fito a bangon ɗakin kwananmu kusa da taga. Da muka sanar da dillalin gidan a rubuce, amsar da ta zo ita ce takarda mai shawarwari, cewa mu riƙa buɗe taga, mu daina shanya a cikin gida, mu goge bangon da maganin fumfuna, tare da tunatarwa cewa duk ɓarnar da aka samu ranar tashi za a cire ta daga kuɗin ajiyarmu, wanda ya kai kuɗin hayar mako biyar, iyakar abin da dokar kuɗaɗen haya ta 2019 ta yarda a karɓa a irin hayarmu.

Duk wanda ya nemi wannan aiki a intanet zai fara cin karo da kamfanonin da ke tallan bincike kyauta, kuma ya kamata a fahimci bambancinsu da abin da nake magana a kai. Waɗannan kamfanoni sana'arsu ita ce ɗura sinadari a gindin bango da sake filasta, kuma mutumin da za su turo yana da abin sayarwa tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba na cewa duk marasa gaskiya ne, amma rahotonsu farashin aiki ne, kuma mai gida yana da ikon ya watsar da shi da wannan hujjar. Ban da haka, da yawa daga cikinsu ba sa zuwa sai da yardar mai gidan, tunda shi ne zai biya kuɗin aikin idan an yi. Mai zaman kansa kuwa abin da yake sayarwa shi ne ra'ayinsa kaɗai, kuma darajar takardarsa a wurin jayayya ta dogara ne kacokan a kan wannan.

Wanda na ɗauka ƙaramin kamfani ne na mutum ɗaya da mai amsa masa waya. Kafin in biya na tambayi takardun shaidarsa, ya nuna mini cewa yana da rajista da ƙungiyar Property Care Association a matsayin mai bincike mai zaman kansa, kuma yana da inshorar da ke ɗaukar nauyi idan ya ba da shawarar da ta jawo asara. Wasu masu wannan aiki kuma 'yan ƙungiyar RICS ne, wadda ita ce babbar ƙungiyar masu duba gine-gine a Birtaniya, kuma kowace daga cikin biyun ana iya tabbatar da sunan mutum a shafinta. Kuɗin ya ɗan haura fam 250, an karɓe shi duka kafin zuwa, kuma an gaya mini a fili cewa ba zai huda bango ko ɗaga katakon ƙasa ba, domin ni ɗan haya ne, ba ni da ikon ba da wannan izini. Na ji daɗin wannan bayani tun daga farko, domin ya sa na san iyakar abin da nake saye.

Abin da ya fara ba ni ƙwarin gwiwa shi ne bai shigo gidan ba sai da ya gama da waje. Ya tsaya a tsallaken titi da tabaron hangen nesa yana bin rufin da ido, sannan ya ɗaura kyamara a kan doguwar sanda ya miƙa ta har saitin indararo, ya kira ni in kalli allon wayarsa. Indararon da ke bisa tagar ɗakin kwananmu ya cika da ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, har wata ciyawa ta tsiro a ciki tana kaɗawa, kuma a ƙarƙashinsa akwai koren layi a jikin bulo da ya gangaro daidai inda tabon yake ta ciki. Ya nuna mini wuraren da kwaɓin da ke riƙe bulo ya zaizaye har mutum zai iya cusa yatsa. Na sha wucewa ta gefen bangon nan ban taɓa ɗaga kai ba, kuma na tabbata dillalin da ya rubuto mana takardar buɗe taga bai taɓa tsayawa a wurin ba.

Da muka shiga ciki, ya ɗauki lokaci yana tambaya kafin ya fito da na'ura. Ya tambayi mu nawa ne a gidan, ƙarfe nawa muke kunna hita, a ina muke shanya, wane irin girki muke yi, kuma yaushe tabon yake ƙaruwa, bayan ruwan sama ne ko kuwa da safiyar sanyi. Ya yi tambayoyin cikin ladabi, ba da muryar mai neman kama laifi ba, kuma ya bayyana dalilinsu. Danshi a gida yana da hanyoyi huɗu. Akwai wanda yake tasowa daga ƙasa ya hau gindin bango, wanda da wuya ya wuce tsawon mita ɗaya, kuma ba ya isa saman bene irin namu. Akwai wanda yake ratsowa daga waje ta rufi ko indararo ko tsagar bango. Akwai yoyon bututun ruwa. Sannan akwai raɓar cikin gida, wato tururin numfashi da girki da wanka da shanya, wanda yake komawa ruwa idan ya taɓa wuri mai sanyi. Uku na farko babu jayayya sosai a kan wanda ke da alhakinsu, domin ginin ne. Duk rigimar tana kan na huɗun, kuma a nan ne ake ganin ko mai bincike ya san aikinsa.

Na'urar da kowa ya sani ita ce ƙaramar nan mai tsinke biyu da ake dannawa a bango ta nuna ja ko kore, kuma ita ce 'yan binciken kyauta suke dogara da ita. Shi ma ya yi amfani da ita, amma ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, cewa an tsara ma'auninta ne don katako, kuma a jikin filasta gishirin da ke cikin bango yana iya sa ta nuna ja alhali bangon a bushe yake. Saboda haka bai ɗauki lamba ɗaya ya yanke hukunci ba, sai ya bi bangon daga ƙasa zuwa sama, daga hagu zuwa dama, yana rubuta lambobin a kan zanen ɗakin, domin siffar da danshin ya yi ita ce take nuna inda ya fito. A ɗakin kwananmu lambobin sun yi yawa a sama kusa da taga, suna raguwa yayin da ake gangarowa, daidai da layin da muka gani a waje. A ɗakin yara kuwa cikin filastar a bushe yake, fuskarta ce kawai take jiƙe. Wato matsala biyu ce daban a gida ɗaya, ba ɗaya ba kamar yadda mu da dillalin duka muka ɗauka.

A ɗakin yaran ne ya fi daɗewa. Ya janye kabad daga bango, sai ga bayansa baƙi ƙirin tun daga tsakiya har sama, warin ruɓa ya cika ɗakin. Ya fito da kyamara mai nuna zafi da sanyi, bangon ya fito rawaya a tsakiya, amma kusurwar sama inda bangon waje ya haɗu da silin ta fito shuɗi mai duhu, kuma siffar shuɗin daidai take da siffar fumfunar kamar an ɗora ɗaya a kan ɗaya. Ya auna iskar ɗakin, ya samu zafinta digiri 18 a ma'aunin salshiyas, danshinta kuma kusan kashi 70 cikin 100. Ya ce iska mai wannan hali tana sakin ruwanta a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 12, ita kuwa kusurwar ba ta kai 11 ba. Abin da ke faruwa da ita shi ne abin da ke faruwa da kwalbar zoɓo idan an fito da ita daga firiji a lokacin bazara, jikinta ya yi ta zufa ba don ta fashe ba. Ya ƙara da cewa fumfuna ba ta ma jiran sai ruwa ya kwanta, domin idan iskar da ke manne da bango ta daɗe tana da danshin da ya kai kashi 80, wannan ya ishe ta ta yi girma.

Daga nan ya shiga banɗaki, wanda ba shi da taga sai fanka mai zuƙe tururi a silin. Fankar tana ƙara idan an kunna wuta, don haka kowa ya ɗauka tana aiki. Ya ɗora mata takardar goge hanci, takardar ta faɗo, sannan ya rufe bakinta da wani mazurari mai ma'auni, ya samu iskar da take ja ba ta kai ko rabin abin da ake buƙata ba, wato lita 15 a sakan ɗaya, wanda shi ne abin da ƙa'idar gini ta Ingila take nema ga fankar banɗaki a sabon aiki. Sai ya sa tsani ya leƙa saman silin da tocila, ya ɗauko hotuna biyu da suka fi komai amfani a rahoton. Na farko ya nuna tiyon fankar kwance a cikin rufi, bakinsa a buɗe, ba a fitar da shi waje ba, ma'ana duk tururin wankanmu yana taruwa ne a saman kanmu. Na biyu ya nuna shimfiɗar tare sanyi, wadda take kama da auduga, ta ƙare tun kafin ta kai bakin bango, ta bar kusurwar ɗakin yara tsirara.

Rahoton ya zo ta imel da hotuna da zane da lambobi. Ya danganta tabon ɗakin kwana ga toshewar indararo da zaizayar kwaɓin bulo, ya danganta fumfunar banɗaki ga fankar da ba ta fitar da tururi, ya danganta ta ɗakin yara ga sanyin kusurwa haɗe da yawan danshin iskar gidan. A kan wannan na ƙarshe bai ɓoye rabon mazauna ba. Ya rubuta cewa ana shanya a kan hita, wanda wanki ɗaya yana iya sakin wajen lita biyu na ruwa a iska, cewa ƙananan kafofin iska na saman tagogi a rufe suke, cewa ana doguwar dahuwa kamar ta wake da ganda a kicin ɗin da ba shi da fanka, kuma kabad yana manne da bango mafi sanyi. Amma ya biyo da jimlar da ta fi nauyi, cewa waɗannan ayyuka ne na yau da kullum na iyali, kuma gidan a halin da yake ba shi da hanyar fitar da tururin da zaman iyali yake haifarwa. A ganina wannan adalcin shi ne ƙarfin takardar. Da ta wanke mu tas, da dillali ya ce mun sayi bakin mai bincike, amma tunda ta faɗi namu, ba shi da hanyar ƙin karɓar nasu.

Domin a gane amfanin wannan rarrabewa, sai an san yadda dokar Ingila ta raba alhaki. Sashe na 11 na Dokar Mai Gida da Ɗan Haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran ƙashin gini da wajensa, har da rufi da indararo da bututun ruwa da kayan ɗumama gida, kuma babu yarjejeniyar haya da za ta iya sauke masa wannan nauyi. Amma wannan sashe yana magana ne a kan abin da ya lalace, kuma a tsakiyar shekarun 1980 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Quick da ƙaramar hukumar Taff-Ely ta yankin Wales cewa raɓar da ta samo asali daga yadda aka tsara gida ba lalacewa ba ce, ko da ta sa zama a gidan ya gagara. Shekaru da dama masu gidaje sun fake da wannan hukunci. Dokar 2018 ta cancantar gida ga zaman ɗan Adam, wadda ta fara aiki a watan Maris na 2019, ita ce ta toshe wannan kafa, domin ta wajabta cewa gidan haya ya kasance ya dace da zama tun daga ranar shiga har ranar fita, ta kuma ba ɗan haya ikon kai ƙara da kansa idan danshi ko rashin iska ya sa gidan bai dace ba. Sai dai ta ware yanayin da ɗan haya ne ya jawo matsalar da sakacinsa, kuma wannan ne dalilin da ya sa kalmar farko da ke fitowa daga bakin dillali ita ce salon rayuwarka.

Illar wannan kalma ta bayyana a Rochdale, garin da ke kusa da mu. A watan Disamba na 2020 wani yaro mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu 'yan kwanaki bayan ya cika shekara biyu. A watan Nuwamba na 2022 mai binciken musabbabin mutuwa, Joanne Kearsley, ta tabbatar da cewa ciwon numfashi ne ya yi ajalinsa sakamakon daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan da suke haya daga ƙungiyar Rochdale Boroughwide Housing. Mahaifinsa ya fara kai kuka tun 2017, aka ce ya shafa fenti. Binciken ya nuna ma'aikatan sun ɗora laifin a kan yadda iyalin ke rayuwa, har sun yi zaton wanka da bokiti na al'ada ne ke jiƙa gidan, ba tare da sun tambaye su ba, alhali gidan ba shi da isasshiyar hanyar fitar da tururi. Duk Bahaushen da ke haya a ƙasar nan, mai buta a banɗaki da tukunya a kan wuta, ya san irin wannan zato yana iya faɗawa kansa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan iyali sun yi shekaru suna nuna wurin ba a saurare su ba. Tun a watan Oktoba na 2021 ofishin sauraren koken 'yan hayar gidajen jama'a ya fitar da rahoto yana gargaɗin masu gidaje su daina fakewa da salon rayuwa, kuma a watan Satumba na 2023 gwamnati ta fitar da jagora ga duk masu gidajen haya, na hukuma da na 'yan kasuwa, tana cewa gano tushen danshi da magance shi nauyinsu ne.

Dokar da aka sa wa sunan yaron ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba, 2025, a gidajen ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin samar da gidaje. Ta ba su kwanakin aiki 10 su binciki danshi ko fumfuna mai haɗari, kwanakin aiki 3 bayan binciken su ba ɗan haya sakamakon a rubuce, kwanakin aiki 5 su kawar da haɗarin, da sa'o'i 24 idan abin na gaggawa ne, kuma idan ba za su iya ba sai su sama wa iyalin wani wurin zama da kuɗinsu. Wanda yake irin wannan gida, a ganina, ba shi da buƙatar biyan mai bincike tun farko, domin doka ta riga ta ɗora binciken a wuyan mai gidansa. Sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta tanadi faɗaɗa wannan tsari zuwa gidajen 'yan kasuwa, ta kuma tanadi soke korar ɗan haya ba tare da dalili ba, wadda ita ce ta daɗe tana sa mutane yin shiru da baƙin bango don tsoron takardar tashi.

Aikin yana da nakasu, kuma wanda zai biya ya kamata ya san su. Rahoton ya makara fiye da lokacin da aka yi mini alkawari, sai da na bi sawu. An rubuta shi da Turancin magina mai nauyi, babu taƙaitaccen shafi na farko da dillali mai gaggawa zai karanta ya gane, har sai da na tsamo muhimman jimloli da kaina na sa a wasiƙa. Wasu hotunan ba a rubuta ɗakin da aka ɗauke su ba. Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin iskar gidan na ziyara ɗaya ne, na rana ɗaya, kuma dillali zai iya cewa an gyara yanayin saboda zuwan baƙo. Maganin wannan shi ne 'yan ƙananan na'urori da ake bari a ɗakuna na mako biyu ko fiye suna rubuta zafi da danshi dare da rana, amma wannan ƙarin kuɗi ne, kuma ba a ambata mini shi ba sai da ya zo gidan. Ya dace a faɗe shi tun a waya, domin mutum ya yanke shawara da cikakken lissafi.

Nakasu mafi girma ba laifin mutumin ba ne, iyakar sana'ar ce. Rahoton yana faɗin musabbabi, ba ya faɗin wanda doka ta ɗora wa biya, kuma an rubuta a ƙarshensa cewa ba a shirya shi a matsayin shaidar ƙwararre a kotu ba, domin wannan yana da nasa sharuɗɗa da farashi mafi tsada. Ba shi kuma da ikon tilasta wa kowa komai. Masu wannan iko su ne duba-garin ƙaramar hukuma, jami'an lafiyar muhalli, waɗanda Dokar Gidaje ta 2004 ta ba su hurumin shiga gidan haya su auna haɗarinsa, kuma idan suka samu haɗari mai tsanani wajibi ne su ɗauki mataki, har da ba mai gida umarnin gyara a rubuce. Zuwansu kyauta ne, sai dai jiran layi yana iya tsawo, musamman a tsakiyar hunturu. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice su ma suna ba da shawara kyauta, kuma duka suna gargaɗin kada ɗan haya ya riƙe kuɗin haya don fushi, domin bashin haya hujja ce ta kora ko da bangon yana ɗigar ruwa. Ina ganin rashin adalci ne a ce iyalin da ke fama da kuɗin gas su sake fitar da fam ɗari biyu da wani abu don tabbatar da abin da mai gida zai gani da ya sa tsani.

Da na aika wa dillalin rahoton tare da wasiƙa mai ambaton sashe na 11 da dokar 2018, harshensu ya sauya, maganar salon rayuwa da ta kuɗin ajiya ba ta sake fitowa ba. An turo ma'aikaci ya yashe indararo ya cike tsakanin bulo, an sauya fankar banɗaki da mai ci gaba da juyawa bayan an kashe wuta, an kuma fitar da tiyonta waje ta rufi. Tabon ɗakin kwana ya daina faɗaɗa, kodayake mai binciken ya riga ya gargaɗe ni cewa bango mai kauri yana ɗaukar watanni kafin ya bushe, kuma kada a yarda a shafa masa fenti kafin nan. Daga ɓangarenmu mun buɗe kafofin iska, mun matsar da kabad daga bangon waje, mun mayar da shanya banɗaki da ƙofa a rufe da fanka a kunne, muna kuma barin ɗakin yara da ɗan ɗumi maimakon kashe hitarsa gaba ɗaya. Mai gidan bai mayar mini da kuɗin binciken ba, kuma har yanzu bai amince da fankar kicin da ƙarasa shimfiɗar saman silin ba, duk da cewa su ne suka rage a maganin kusurwar ɗakin yara.

Ina ba da shawarar wannan aiki ga ɗan hayar gidan ɗan kasuwa wanda ya riga ya kai kuka a rubuce aka mayar masa da laifin, ko wanda ake barazanar cinye masa kuɗin ajiya, domin masu sasanta rikicin kuɗin ajiya da takarda da hoto suke aiki. Ya kira mai binciken a lokacin sanyi, tunda da bazara bango da iska ba sa nuna bambancin da ake nema, kada kuma ya goge fumfunar duka kafin a ɗauki hotonta. Ya tambaya tun a waya ko za a duba waje da saman silin, ko za a auna fanka da na'ura, ko akwai kyamarar zafi, da nawa ne kuɗin barin na'urorin auna iska, ya kuma nemi a sa masa shafin taƙaitawa da harshe mai sauƙi. Idan kuwa akwai jariri ko tsoho ko mai asma a gidan, kada ya jira kowane rahoto, ya je wurin likita ya nemi a rubuta halin gidan a takardar mara lafiya, ya kira ƙaramar hukuma a ranar. Ni ma na miƙa rahoton nawa ga duba-garin unguwarmu a kan sauran ayyukan biyu, kuma jami'ar da ta karɓa ta nemi hotunan saman silin kafin ta sa ranar zuwa.